Motar da Nomau Ya Ɗora a Sama

Mijina Nomau ba ya nan. Gidanmu ma babu shi, sai tarin ƙasa da guntun ƙyaure. Abin da ya rage a filin mota ce kawai.

Mu biyar ne a gidan: ni Tabawa, da shi, da mahaifiyarsa Inna, da 'ya'yanmu mata biyu. Nomau ba mahaukaci ba ne. Mutum ne wanda yadda ka faɗa masa magana haka zai yi ta, ba ragi, kuma ba ya tsayawa sai an ce ya tsaya. Motar ta yayansa ce, marigayi Arzika, wanda ya yi wa wani Bature tuƙi a gidan gurzar auduga. Ja ce, 'yar ƙarama, kujera biyu, ba rufi. Da ciwo ya kwantar da Arzika, ya damƙa wa Nomau makulli ya ce, "Amana ce. Kada ka bari ta mutu." Tun ranar ba shi da wani aiki sai wannan, shi da ko tuƙi bai iya ba.

Wata rana Mati bakanike ya zo ya tayar da ita yana sauraren injin, sai aka aiko ya je kiran gaggawa a wani ƙauye. Ya ce, "Alhajin mota, kada ka kashe sai na dawo." Mati ya manta. Nomau ya yini yana ɗura mata fetur, ya kwashi geron da za mu ci ya kai wa mai bumburutu ya karɓo ƙari. Na ce, "Malam, hayaƙi fa take yi!" Ya ce, "Oga bai dawo ba." Ruwan lagireto ya tafasa, tiyo ya fashe, ta yi tari ta yi shiru. Da Mati ya zo washegari, Nomau ya tarye shi da hawaye. "Wallahi, Oga, ban kashe ba. Ita ta kashe kanta."

Wata rana Mati ya ba shi sifana ya ce duk abin da ya ga yana motsi ya ɗaure shi tamau. Nomau ya ɗaure madubi har ya tsage. Ya ɗaure sitiyari har ya daina juyawa. Da ya gama da mota ya shigo cikin gida, ya ga keken ɗinkina yana motsi. Da keken nan nake ciyar da mu. Inna ta riƙe baki ta ce, "Kai Nomau, ni ma ina motsi, zo ka ɗaure ni in huta."

Wata rana tsatsa ta kama ƙasan motar, wajen da ake ajiye ƙafa. Mati ya miƙo masa samfefa ya ce, "Goga har sai ka ga farin ƙarfe." Wajen kuwa ba sauran ƙarfe, tsatsa ce zalla. Nomau ya yi ta guga har yatsunsa suka fashe. Na leƙa na tarar da shi kwance, kansa cikin wani ƙaton rami, kaza na kallonsa ta ƙasa.

"Malam, me kake nema?"

"Farin ƙarfe. Ban kai ba tukuna."

Ranar na shiga ɗaki na yi kuka. Kullum motar ƙara mutuwa take, kullum kuma a hannunsa, kuma ya sani. Masu sayen gwangwan suka riƙa zarya. Inna ta ce ya ba su, ya ce shi ba a ce masa ya sayar ba. Ya rame. In ya idar da salla sai ya je ya zauna kusa da motar yana shafa ƙofarta.

Wata rana, damina ta kama, Mati ya biyo ta ƙofar gida a kan babur. Ko sauka bai yi ba, ya ce, "Alhajin mota, ka ɗaga ta daga ƙasa. Kada ruwa ya taɓa ta."

"Har ina zan ɗaga, Oga?"

"Iya ƙarfinka."

Nomau mai ƙarfi ne. Ya kwashe bulon da muka tara don gina wa Inna ɗaki, ya haɗa da duwatsu da siminti, ya tayar da dakali wanda ya wuce kan mutum. Ya yi tudun ƙasa a gefe, ya roƙi majiya ƙarfi suka tura motar sama suna faɗuwa don dariya, sannan ya kwashe tudun ya jingina tsani. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga wasu unguwanni. Wani ya ce, "Nomau, yaushe jirgin zai tashi? A rage mini kujera zuwa Makka." Ni dai na daina fita ɗiban ruwa sai da lulluɓi har hanci.

Ranar da gulbin garinmu ya ɓalle, da hantsi ne, ana ruwa tun safe. Kafin mu ɗaura zani ruwa ya kai gwiwa, kafin mu fito tsakar gida ya kai ƙugu. Katangar maƙwabta ta zube. Ba inda za mu. Nomau ya goya Inna ya hau tsani ya zaunar da ita a kujerar direba. Ya miƙa yaran ɗaya bayan ɗaya. Ya tura ni. Muka cunkushe mu huɗu a inda aka yi don mutum biyu.

Na miƙa masa hannu. "Malam, hau!"

Ya ɗaga kai yana kallon yadda ruwan sama ke zuba a kan kujerun. Ya ce, "To. Bari in ɗauko tamfol tukuna. Oga ya ce kada ruwa ya taɓa ta."

Ina kallo ya shiga ɗaki. Ina kallo bangon ya kwanta.

Ruwa ya cinye layinmu gaba ɗaya, amma ya tsaya ƙasa da tayoyin motar. A nan masu kwalekwale suka same mu da la'asar, ba wadda ta yi ko ƙwarzane. Shi kuwa sai da ruwa ya janye aka tono shi, da tamfol a hammatarsa.

Mati ya zo gaisuwa. Ya daɗe tsaye yana kallon dakalin. Can ya ce, "Tabawa, ni dutse ɗaya nake nufi a ƙarƙashin kowace taya." Ya rufe fuska da hularsa.

Yanzu muna raɓe a gidan wana. Inna ta daina magana. Ban san yadda zan yi da yaran nan ba. Kai da ka karanta wannan, ko kana cikin waɗanda suka yi dariya, ban riƙe ka ba. Ka dai ɗaga hannu tare da ni. Allah Ka jiƙan Nomau, Ka yafe masa, Ka ɗaga shi sama iya rahamarKa, Ka rufa wa marayunsa asiri. Ka ce amin.