Baturiyar Kwarbai a Duniyar Wata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je duniyar wata da allin makaranta a fuska ba. Kai, Allah ya sawwaƙe!

Ina aji bakwai a firamaren unguwarmu a Kwarbai, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, malaminmu ɗan Wusasa, Malam Bulus, ya rubuta mana wasan kwaikwayo. Wai nan da shekara ɗari Bazazzagi zai tuƙa kumbo zuwa wata. Na yi farat na ce ni ce direba. Maza suka bushe da dariya, suka nuna min hoton mujallar Malam: masu zuwa wata duk maza ne, kuma Turawa. Malam ya ce in gwada, amma in na kwafsa, mace ta gama jan wasa a ajinsa.

Zama namiji dai ya fi ƙarfina, amma zama Baturiya ai da sauƙi (a wautata ke nan). Ranar taron iyaye na daka alli, na kwaɓa, na lafta har kunne. Na kifa ƙwaryar furar Kaka a ka, ita ce hular 'yan sama jannati.

Ga rana, ga jama'a. Kafin kumbonmu na kwali ya "sauka", gumi ya tsaga min fuska layi-layi kamar kunyar gyaɗa. Na buɗe baki zan gai da mutanen wata, sai atishawa. Ƙwarya ta gangara har gaban hedimasta.

Can na ji muryar Kaka: "La ilaha illallahu! Wa ya yi wa jikata wannan aika-aika?"

"Kaka, Baturiya ce ni, wata na zo," na ce ƙasa-ƙasa.

"Watan da kakanki yake hawa ganuwa ya dubo mana kowane azumi? Ai ya san fuskar gidanmu sarai!"

Ta hau dandamali, ta tofa yawu a bakin mayafinta, ta dirje ni tas a gaban Zariya kaf. Na so ƙasa ta tsage. Ta ce, "To, ci gaba, muna ji."

Haka na ƙarasa wasan da baƙar fuskata, ina ƙamshin goro. Aka yi ta tafi, Malam bai ƙwace mana direbanci ba, mu mata.

Tun ranar, duk inda za ni da fuskata nake zuwa. Kaka ce dai ba na gayyata.