Tafiyar Raƙumin Roba

Wani ne 'yarsa ta faɗo daga lilo ta karye a ƙafa. Wata biyu tana kwance. Da aka cire filasta, likita ya ce ƙashi ya haɗe sumul, saura ta riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta sage. Yarinya ta ce atafau, tsoro take ji. 'Yan takalmanta na nan a jere bakin ƙofa suna jiranta, uban in ya zo wucewa sai ya kau da kai.

Tana da wani raƙumin dawa na roba mai lanƙwasasshiyar ƙafa, da shi take kwana da shi take tashi.

Uban ya durƙusa gaban gadonta ya ce, "Uwata, taki ɗaya tak. Don Allah."

"Sai raƙumina ya taka."

"Raƙumin roban?"

"Shi ma ƙafarsa ke ciwo. In ya yi tafiya, zan yi."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Mutumin naka bai zame ko'ina ba sai shagon abokinsa mai gyaran waya. Abokin ya gama dariyarsa, ya sa masa wata manhaja a waya, ya ce, "Abu mai sauƙi. Ka kafa wayar wuri ɗaya. Ka ɗauki hoto. Ka matsar da raƙumin faɗin yatsa, ka sake ɗauka. In hotunan suka taru aka jera su da gudu, sai ka ga yana tafiya."

"Hoto nawa?"

"Kamar ɗari uku."

"Ɗari uku? Ni ranar aurena bakwai aka yi mini, uku ma idona a rufe."

"To buɗe su yanzu. Kuma kada wayar ta gusa daga inda ka kafa ta."

Washegari da hantsi uban ya share teburin falo. Ya jingina waya da gwangwanin madara a gefen teburin, ya ɗaure ta tamau da kyauron roba. Ya tsayar da raƙumi. Rana ta leƙo ta taga ta kwanta a wuyan raƙumin, abin gwanin sha'awa. Zai danna ke nan, raƙumi ya faɗi. Ya tayar da shi, ya faɗi. Ya tokare shi da ashana, ya faɗi da ashanar.

"Ni za ka kunyata gaban 'yata?"

Ya ɗauko gam mai ƙarfin nan, ya ɗiga wa ƙafafu huɗun, ya danna. Raƙumi ya tsaya ƙyam kamar soja. Hoto na ɗaya ya fito tas.

Sai maganar faɗin yatsa. Ya tura, raƙumi ya ƙi. Ya ja, wuya ya miƙe, ƙafa na nan.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Maigida, wuyan nan da ma dogo ne, ba ya neman ƙari. Bari in kawo wuƙa."

"Ki yanke masa ƙafa? A gidan da ake jinyar ƙafa?"

"To sai ka zauna ku kalli juna."

Ya zauna ɗin kuwa, ya yi tagumi. Can sai ya zabura. "Ke, wa ya ce dole raƙumin ne kaɗai zai matsa? Ai in tebur ya matsa, ya matsa!"

Ya tura tebur faɗin yatsa, ƙyas, hoto. Ya tura, ƙyas. Wayar na kan teburin, ba ta gusa daga gwangwaninta ba, yadda aka ce masa. A hoto na sittin suka wuce kujera. A na ɗari tebur ya maƙale a ƙofar falo. Ya kwance ƙyauren ya jingine.

"Maigida, a ina za mu ci abincin rana?"

"Biyo mu da shi."

Ta biyo su da kwano tsakar gida, ya ci a tsaye, hannu ɗaya na danna waya. A na ɗari biyu tebur ya fita titi. Maƙwabci ya taso da sauri. "Subhanallahi, tashi za ku yi ba sallama?"

"Fim muke yi. Kama nan. A'a, a hankali! Faɗin yatsa!"

Maƙwabci ya duba yatsansa, ya duba titi, ya ce ya tuna ya bar famfo a buɗe. Wani mai mota ya yi ta hon, daga baya ya kashe mota ya fito kallo.

Da la'asar hoto ya cika ɗari uku. Ya shigo gumi sharkaf, baya ya ƙi miƙewa, ya zauna bakin gadon yarinya, uwar na tsaye a kansu. Ya danna.

Ga raƙumi a tsakiyar waya, ko gezau. Kujera ce ta wuce ta bayansa a guje. Labule ya wuce. Ƙofa ta wuce. Uwar yarinya ta wuce da kwano tana harara. Igiyar shanya, maƙwabci, mota, duk suka wuce fuu. Raƙumi bai ɗaga ko kofato ba.

Yarinya ta yi dariya har da hawaye, ta ce a sake. Aka sake sau biyar.

Uban ya share gumi ya ce, "To Uwata, kin gani da idonki. Daga falo har titi. Saura alkawari."

Ta ce, "Na gani, Baba. Ni ma irin tafiyarsa zan yi. Ɗora ni kan teburin ka tura."