Ƙusa a Wuyan Mofar Gwaggo

Abubuwa da yawa na ranar sunan 'yata ta fari sun ɓace min yanzu. Ban tuna wanda ya feɗe ragon ba, ban ma san ko na sa wani abu a cikina ba. Amma mofar Gwaggo, da abin da na yi mata da hannuna ina ganin gwaninta ce, wannan kam ba zan taɓa mantawa ba ko zan kai shekara ɗari.

Bari in fara da gidanmu, don kada ku ce haka kawai na tashi da hauka. Mahaifina kafinta ne a nan Suleja, kuma a wurinsa duk abin da ya yi girgiɗi to ya fara lalacewa ke nan. Ƙafar benci, ƙyauren banɗaki, ƙotar fartanya, maganinsu ɗaya ne, ƙusa. Mofar goge ɗaki kuwa, irin mai sandar katakon nan ta kasuwa, ba ta kwana a gidanmu sai an buga mata ƙusa a inda kan ya haɗu da sandar, in ba haka ba kana cikin goge ɗaki kan zai zare ya bar ka da sanda a hannu. Kusan kowa a unguwarmu haka yake yi. Ni ban gaji sana'ar ba, aikin ofis nake yi a Abuja, amma na gaji gudumar, na kuma gaji ƙaiƙayin hannun.

Haihuwar ba ta zo wa matata Rukayya da sauƙi ba, sai da aka yi mata aiki. Likita ya ja mana kunne: ban da sunkuyo, ban da ɗaukar abu mai nauyi. Da yake ita 'yar fari ce, mahaifiyarta ta kawar da kai saboda alkunya, sai ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Hajara, ta zo daga Tafa ta karɓi ragamar komai. Tun a asibiti ta yanke hukunci cewa da an yi suna za ta tattara mai jego da jaririya su tafi Tafa, sai an yi arba'in.

Ni da nake fita da asuba in kama motar Abuja, in dawo bayan magariba a gajiye, in aka kai su Tafa ai sai ƙarshen mako zan riƙa ganin 'yata. Rukayya ma ba ta so, asibitin da ake duba mata ɗinkin yana kusa da mu, kuma ɗakinta take so. Na tattaro ƙarfin hali na durƙusa gaban Gwaggo, kaina a ƙasa, na ce na ɗauki hutu a wurin aiki, shara da wanke-wanke da goge-goge duk ni zan yi, Rukayya ko tsinke ba za ta ɗaga ba. Gwaggo ta dube ni ta saman gilashinta ta ce to, angon ƙarni, za ta zuba ido daga nan zuwa ranar suna. (Tun daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba.)

Na zage na kama aiki ba kama hannun yaro. Ana jibi suna, da hantsi, Gwaggo ta fita kasuwa sayen kayan yaji, Rukayya da jaririya suna barci, na shiga sito neman tsintsiya sai na ga wani kwali sabo. Na buɗe. Bokiti ne dogo mai ɗaki biyu, gefe ɗaya na ruwa, ɗaya gefen da wani kwando mai huji-huji kamar gwagwa. Ga kuma mofa mai sandar ƙarfe tana ƙyalli, kanta zagayayye kamar faifai, zarenta fari tas mai laushi. Na san ta Gwaggo ce, don na ji tana gaya wa Rukayya cewa ta riƙo mata tsaraba daga Umara, a hannu ta rungumo ta har cikin jirgi don kada a fasa.

Ina ɗaga ta kan ya langaɓe gefe. Na miƙar da shi, ya faɗa ɗaya gefen. Na dafa sandar a ƙasa, sai na ji ta nutse cikin kanta, na saki ta dawo. Na ce innalillahi, an cuci baiwar Allah. Wuya a karye, sanda a kwance, kuma duk wannan nisan ta ɗauko ta.

Za ku ce me ya hana in jira ta dawo in tambaya. Haba, da wane bakin zan tsaya gaban surukata in ce tsarabarki ta ƙasa mai tsarki lalatacciya ce? Na ga abin da ya fi mutunci shi ne in gyara shiru, in ta gani daga baya ta san 'yarsu tana hannun namiji mai dabara. Na ɗauko gudumar Baba. Na miƙar da wuyan sak, na zira masa ƙusa ta ratsa robar ta fito ta baya, na lanƙwashe bakinta yadda Baba ya koya min. Sandar ce ta ba ni wahala, sai da na yi gumi kafin na huda ƙarfen, amma na ci nasara. Akwai wani ɗan maɓallin roba a tsakiyar sandar da ban gane amfaninsa ba, na naɗe shi da salatif don kada ya karce wa mutum hannu. Na girgiza mofar nan, ko motsi. Na mayar da ita kwali ina jin kaina kamar injiniya.

Ranar suna gida ya cika. Mu maza muna waje ƙarƙashin rumfa, na sha farar shadda da babbar riga, mata kuma sun cika falo har ƙofa. Can bayan azahar aka aiko in zo da ruwa a bokitin da ke cikin kwalin sito. Ashe wata ce ta yi tuntuɓe da kwanon kunun kanwa, ya malale a kan tayil ya gangara har ƙarƙashin doguwar kujera. Gwaggo ko a jikinta, murna ma take yi, don tun safe take ba mata labarin mofar da ba a taɓa ta da hannu, ba a sunkuya mata, ga dama ta samu ta nuna.

Na kawo bokiti da ruwa, na miƙa mofar da hannu biyu, na durƙusa daga bakin ƙofa. Da na ja bakina na yi shiru na koma waje, da wataƙila an ɗora laifin a kan kamfani. Amma ina, gwaninta tana cina. Na gyara murya yadda kowa zai ji na ce:

"Gwaggo, ai 'yar matsala ta zo da ita, wuyan da sandar duk suna rawa. Amma kada ki damu, na gyara."

Gwaggo ta ce, "Ka gyara."

Ba tambaya ba ce, maimaitawa kawai ta yi. Ta tsoma kan a ruwa, ta ɗaga ta sa a kwandon, ta danna sandar. Shiru. Ta sake dannawa. Shiru. Ta gyara tsayuwa ta sa ƙarfinta duka (Gwaggo ba ƙaramar mace ba ce, Allah ya ƙara lafiya), sai bokitin ya sulale a kan santsin kunu ya kife. Ruwa ya bi ƙarƙashin mata. Aka tashi ana tattare zannuwan anko, ana ɗaga jakunkuna da ledojin kayan barka, wata tsohuwa tana salati tana neman takalminta.

Gwaggo ta juyo da mofar sama, ta kai ta kusa da gilashinta, ta bi ƙusar wuya da yatsa har inda na lanƙwashe ta. Ta gangaro ta sami ta sandar. Ta ɓare salatif ɗin a hankali. Sannan ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani ta ce, "Jama'a, ku taya ni gani. Ƙusa ya buga mata."

Falon ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Daga cikin ɗaki na jiyo Rukayya tana dariya tana kuka tana roƙon a bari saboda ɗinkinta. Ni kuwa ina durƙushe, ruwan kunu yana tsotsuwa cikin shaddata, ina addu'ar tayil ɗin nan ya tsage in shige.

Maƙwabciyarmu Maman Ngozi, wadda ke haya a ɗakin da ke kallon namu, ita ta cece ni, ko in ce ta ƙarasa ni. Ta ce ai tana da irinta, a nan kasuwar Suleja ta saya, ta fita ta ɗauko. Gwaggo ta karɓa ta miƙo min ta ce tunda ni na ce zan riƙa goge gida, bismillah, ga fili.

Haka na naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, a gaban matan dangina da na matata, Gwaggo tana ba ni umarni. Ta ce in buɗe ɗan maɓallin nan, in sa kan a kwando, in danna. Na danna. Wallahi sai kan mofar ya kama juyawa da gudu kamar fanka, kwandon yana juyawa tare da shi, ruwan yana fita ta hujojin yana komawa cikin bokiti, ko ɗigo bai taɓa hannuna ba. Na saki, sandar ta dawo sama da kanta. Ashe nutsewar da na kira lalacewa ita ce injin ɗin gaba ɗaya. Ta ce in rufe maɓallin. Na rufe, sandar ta tsaya ƙyam, ba tare da ƙusar kowa ba.

Sai wuyan. Ta ce in kwantar da sandar in tura ƙarƙashin kujera. Na kwantar, kan ya zauna daram a ƙasa bai ɗaga ba, sandar ce kawai ta kwanta, ya shige har bango ya kwaso kunun. Na murɗa hannuna kaɗan, ya zagaye ƙafar kujera ya fito ta ɗaya gefen. Bayana a miƙe, ban sunkuya ba. A nan na gane abin da ya sa tsohuwar nan ta rungumo bokiti tun daga Makka: saboda bayan Rukayya ne da cikinta, don ranar da za ta koma aikin gidanta.

Abin kunyar ma shi ne na manta da kunyar. Na sake tsomawa na danna, na sake dannawa, ina leƙen kwandon, har na ji bakina yana cewa kai, wanda ya ƙera wannan Allah ya yi masa albarka. Sai da Gwaggo ta ce angon ƙarni, falon ya bushe tun ɗazu, sannan na tuna inda nake. Aka sake kwashewa da dariya, na fita waje da jiƙaƙƙen wando, maza suna tambayata ko lafiya.

Da la'asar sakaliya, baƙi sun ragu, ta aiko a kira ni. Na shiga, na riga na sallama cewa tafiya za su yi, har na fara lissafin yadda zan riƙa zuwa Tafa ran Asabar. Tana zaune bakin gado da jaririya a cinya. Ta ce ta yi niyyar tafiya da su gobe, amma namijin da zai goge falo da babbar riga a gaban mata, ana yi masa dariya bai yi fushi ba bai gudu ba, ba za ta raba shi da iyalinsa ba. Na buɗe baki zan yi godiya ta ɗaga min hannu. Ta ce amma kuma mai guduma irina ba a barin sa shi kaɗai da mai jego, don haka ta aika Tafa a kawo mata jakarta, a nan za ta yi arba'in ɗin, ni in koma kwana a falo. Gudumar kuma in kawo mata ita yanzu.

Na kawo. Ta tura ta ƙarƙashin katifa, sannan ta miƙo min 'yata, ta gyara min hannu a bayan ɗan kanta ta ce:

"Tallafe nan. Wuyanta ma rawa yake yi, haka Allah ya yi shi. Kada ka ce za ka gyara."

Washegari na shiga kasuwa na sayo sabuwa. Tsohuwar kuma na zare ƙusoshin na buɗe cikin sandar don in ga abin da na kashe. Wani siririn ƙarfe ne a ciki, murɗaɗɗe kamar tufkar igiya, in ka danna sandar sai ya bi murɗin ya juya kan. Shi ke nan fa, ba batir, ba wuta. Ƙusata ta ratsa ta gefensa ta lanƙwasa shi. Na daɗe ina juya shi a hannu ina jinjina wa mutumin da ya zauna ya yi tunanin bayan matar da bai taɓa gani ba, ni kuma na zo da guduma na nuna masa iyakarsa.

Gwaggo ta cika alkawari ta zauna da mu, ranar arba'in ta zaro gudumar ta ba ni a gaban Rukayya, ta ce amana ce. Yarinyar yanzu ta fara tafiya, tana yi tana tangaɗi, kuma duk wanda ya zo daga Tafa sai ya ce a ɓoye ƙusoshi. Na daina musu, dariya nake taya su. Abin da na sani shi ne, yanzu in na ga abu yana rawa a gidan nan, kafin in nemi guduma sai na fara neman Rukayya in tambaye ta ko haka aka yi shi.