Yadda Na Zama Ɗan Mai Aski

Jiya na fita daga gida ina maigida mai furfura, kafin azahar na dawo ina yaron gida. Ku gyara zama ku ji.

Takarda ɗaya ce ta kai ni ofishin rajistar jama'a: shaidar zama a unguwa, wadda kwaleji ta ce ko 'yata ta kai ranar Alhamis ko a ba wani gurbinta. Awa uku na yi a kan benci, domin na'ura tana jiran janareta, janareta yana jiran mai, mai kuma yana jiran direban da ke layin gidan mai.

Da wuta ta zo, ma'aikaciyar ta danna sunana. Ta dubi allo, ta dube ni.

"Baba, ina mahaifinka? Shi zai sa hannu."

"Shekararsa ashirin a ƙasa, 'yar nan. In na'urarku tana kaiwa can, ki gaishe min da shi."

Yarinyar kirki ce, ta juyo min allon ta yi min karatu. Wai abin sunansa rumbun bayanai. A ciki akwai jadawalin mutane: kowa da layinsa, layin an yanka shi akwati-akwati, nan suna, nan shekaru, nan sana'a. Jadawalin gidaje kuma daban yake. Igiyar da ta ɗaure su biyun ita ce lambar gida. Mabuɗi suke ce mata, kuma ƙa'idar mabuɗi kada ya buɗe ƙofa biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Sau uku ana yi wa gidajen layinmu lamba, domin duk Mai Girma Uban Almakashi da ya hau kujera sai ya ba da kwangilar sabuwa, a kafa rumfa, a yanke ƙyalle, a tafa. Na farko ya ƙirgo daga bakin titi. Na biyu ya ƙirgo daga ƙarshen layi. Na uku fenti ya ƙare masa a tsakiya. Shi ya sa gidana lamba bakwai ne, gidan maƙwabcina Mai Aski ma lamba bakwai. Na'ura ba ta san katanga ba. Ta ga bakwai da bakwai, ta haɗe mu gida guda, kuma maigida ɗaya take karɓa. Mai Aski ya riga ni rajista, sai ta jera ni cikin 'ya'yansa. Mutumin da na girma da shekara goma sha ɗaya.

Na ce, "Goge ni ki sake rubutawa."

"In na goge layinka, duk wanda ke rataye da kai zai bi ka, har mai kwalejin. Gyara sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe yake zama?"

"Ana jiran a kafa shi."

Ni da Mai Aski kuwa wata huɗu ba ma gaisawa, saboda ruwan kwatarsa da ke kwanciya a ƙofar gidana. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na same shi a shago yana yi wa Tela, mai ɗinkin layinmu, gyaran fuska, na karanta masa komai. Bai ɗago ba.

"Wa kake nema?"

"Kai mana, maƙwabci."

"Hukuma ba ta san ni da maƙwabci ba. Tela, haka yaran yanzu ke gaida iyayensu, a tsaye ƙiƙam?"

Tela, da kumfa a haɓa, ya ce, "Tarbiyya ta yi ƙaranci."

Na tuna Alhamis. Na tuna 'yata da ta riga ta goge kayanta. Na lanƙwasa gwiwar nan da likita ya ce in riƙa lallaɓawa, na ce, "Baba, barka da aiki."

"Allah ya yi maka albarka. Ɗauko min hulata."

Ni na riƙe masa hula har ofis. Ya sa hannu, aka buga hatimi, 'yata ta samu takardarta a matsayin jikar Mai Aski. Gurbinta ya tsira.

Saboda haka ku taya ni jinjina wa manyanmu. Sun yi alkawarin haɗa kan al'umma, ga shi sun fara da layinmu.

Batun kwata kuwa an sasanta. Baba ya ce tunda gida ɗaya ne, ruwan namu ne duka, kuma yashe kwata aikin yara ne. Yau da safe ya aiko min da shebur.