Injin da Ke Jiran Almakashi

Ranar Talata da safe, muna tsakiyar kogi, injin jirginmu ya yi tari sau biyu, ya saki baƙin hayaƙi, ya yi tsit. Ina goye da 'yata mai wata tara, za mu asibitin tsallake a yi mata allurar ƙyanda. Talata kaɗai ake yin ta, cutar kuwa ta riga ta shiga gida uku a layinmu.

Baba mai jirgi ya yi ta jan igiya har hularsa ta faɗa ruwa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, 'yata, hutawa yake." Da murfin kwano da takalma muka tuƙo kanmu baki. Allura ta wuce mu.

Makaniken bakin kogi ya leƙa cikin injin, ya yi mana ta'aziyya. Ruwan sama ne ya shige shi har fistin, ƙarfen da ke kai-komo a cikinsa, ya cije, don shekara biyu ba shi da murfi, buhu ake yafa masa. Ya ce hanya uku ce: a aika birni neman kayan gyara, wata guda ke nan, a sayi na hannu, wanda ba a san ciwon da ya raba shi da gidansa na fari ba, ko a roƙo sabon injin da Mai Girma Gwanin Almakashi ya ba mu kyauta bara.

Kun tuna ai. Mun sha rana, mun yi tafi, aka ɗauki hoto, aka kulle shi a sito sai ranar ƙaddamarwa. Allah ya ja kwanan Mai Girma, kyautarsa kamar farin wata take: kowa na gani, ba mai taɓawa.

Zuwa da kai ya fi aike. Na gyara goyo, na tasa Baba da makanike gaba har sito. Mai gadi ya ce, "Uwar ɗaki, umarni ne daga sama. Injin nan ba zai taɓa ruwa ba sai an yanke ƙyalle."

"Yaushe za a yanke?"

"An kafa kwamitin sa rana."

"Ƙyanda ta san da kwamitin, Malam?"

Ya dubi yarinyar da ke bayana. Ya ce to, mu gan shi dai da ido. Ya shiga ya fito da shi a hannu ɗaya, kamar mai ɗauko buta. Makanike ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga murfin. Babu komai a ciki sai gidan rina da takardar jawabin Mai Girma.

Mai gadi ya zauna a ƙasa. "Shekara guda sauro na cina a kan fanko?"

Makanike ya ce, "Ni dai murfin nake so, shi ne maganin ciwonmu." Mai gadi ya juya baya, ya ce shi bai ga komai ba.

Sauran aikin maƙwabciyata mai niƙa ce ta rufa asiri, ta ba da mataccen janaretanta a ciri kayan gyara. Kwana biyar makanike yana cira yana gogawa, ni kuma ina tsaye a kansa kamar mai jiran haihuwa. Ran Litinin tsohon inji ya tashi, sanye da sabon murfi yana ƙyalli kamar ango. Talata muka haye. Da allurar ta shiga, 'yata ta callara ƙara, ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Muna dawowa sai ga rumfa da kujeru a bakin kogi. Labari ya kai wa Mai Girma cewa injinsa na aiki, ya iso da almakashi. Ya yanke ƙyalle, mun tafa. Ban ga laifinsa ba, murfin nasa ne.

A jawabinsa ya yi alkawarin gina mana asibiti a wannan gefen. Na riga na ce wa maƙwabciyata kada ta zubar da ragowar janaretan, ko Allah zai sa mu ciro likita daga cikinsa.