Kason Misis Dobson

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na je kallon kifi a bakin tekun Ingila ba, kuma ko na so in manta, matata Balkisu tana nan da ranta da lafiyarta, ba ta gajiya da ba jikoki labarin. Gara in ba da shi da bakina, ko na samu in rage wani abu.

Zamanin nan ne da kuɗin mai ya fara yi wa gwamnati yawa, ana tura ma'aikata kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goro. Ni ma rabon ya biyo ta kaina, aka ce in tafi Landan in koyo aikin akanta. Na tafi da Balkisu, lokacin tana amarya. Guzuri ba laifi, sai dai a Landan ta wancan lokaci kuɗi ba ya sama wa baƙin mutum ɗaki. Ka ga an liƙa a taga cewa akwai ɗaki, ka ƙwanƙwasa, a buɗe a dube ka sama da ƙasa, a ce ai yanzun nan wani ya kama. Mun sha yawo kafin wata tsohuwa a unguwar Catford, Misis Dobson, ta ba mu ciki da falo a saman benenta. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a ƙasa. Sharaɗinta ɗaya ne, ba ta son jariri a gidan, wai kukan yara yana tayar mata da ciwon kai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, mu karatu ya kawo mu.

Ba a daɗe ba ciki ya bayyana a jikin Balkisu. Muka yi ta ɓoye shi a cikin kwat ɗin sanyi har kwat ɗin ya daina rufuwa. Tsohuwa ba ta ce komai ba, amma in mun haɗu a matakala idonta a kan cikin yake sauka, mu kuma kullum muna jiran ranar da za ta ba mu notis. Ina tsoron ranar nan ƙwarai, don ban san inda zan nufa da mace mai tsohon ciki a farkon sanyi ba. Sai na duƙufa neman fada. Ni ne fitar mata da shara, ni ne ɗauko mata kwalaben madara daga bakin ƙofa, gaisuwa kuwa har sai ta gaji da amsawa.

Misis Dobson tana cikin wata ƙungiya ta tsofaffi masu zuwa bakin teku kallon tsuntsaye da dabbobin ruwa. Wata rana ta ce sun ɗauki hayar bas za su gaɓar Norfolk, akwai sauran kujeru, ko muna sha'awa. Tun ba ta rufe baki ba na ce muna so. (Balkisu ta tambaye ni daga baya, in an kalli kifin sai a yi yaya da shi. Na ce mata sai a dawo gida. Ta ce to, Allah ya kyauta.)

A nan ya kamata in faɗi abu biyu, ba don in wanke kaina ba. Na farko, ni mutumin Yawuri ne, kakana na wajen uwa Basarke ne, wato masunci gaba da baya, a bakin kogin Kwara na yi wayo. A garinmu in babban kamu ya faɗo, ko giwan ruwa ko ayu, ba na mutum ɗaya ba ne. Jama'a kan taru a yi ta kwara masa ruwa don kada ya mutu ya lalace kafin sarkin ruwa ya iso, sannan a ja shi tudu a raba. Duk wanda ya sa hannu yana da kaso, kuma ana fara cire wa dattawa wuri mai kyau. Na biyu, mun daɗe rabonmu da nama. Naman yanka a lokacin sai ka ratsa gari zuwa shagon wani Bafakistane, mu kuwa daga ƙwai sai kifin gwangwani. Abin da ke cikin teku kuma kowa ya san halal ne ko ba a yanka ba.

A cikin bas na zauna kusa da tsohuwa na cika ta da labarin kakana da na Kwara. Ta ce ashe ni ma mai ƙaunar halittun ruwa ne. Na ce mata ƙwarai kuwa, ba ni da abin da nake so kamar su. Ba ƙarya na yi ba.

Muka isa wajen hantsi. Rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, ruwa ya janye can nesa, ga wata iska mai shiga har ƙashi. Aka nuna mana wasu dabbobi kwance a kan tudun yashi, kamar ayu amma da gashin baki irin na kyanwa. Tsofaffin nan suka jeru da madubin hangen nesa suna magana ƙasa-ƙasa sai ka ce a gidan makoki. Aka ba ni madubin na duba. Gaskiya sun yi ƙiba, na kuma faɗi haka, Misis Dobson ta ji daɗi ta ce alamar lafiya ce.

Da azahar ta yi na zaga bayan wani tudu na yi salla. Ina dawowa na tarar ba kowa sai Balkisu zaune a kan bargo tana ɓare lemo. Ta nuna mini can ƙasa inda jama'a suka yi cincirindo, ta ce wani ya zo a guje ya yi magana, duk suka bi shi.

Abin da na tarar ya sa na tsaya cik. Kifin nan ne da Turawa ke kira whale, irin wanda aka ce ya haɗiye Annabi Yunusa, sai dai wannan ɗan yaro ne, tsawonsa bai wuce na ƙaramar mota ba. Baƙi wulik, yana sheƙi, ruwa ya tafi ya bar shi a kan yashi, yana fitar da numfashi ta wata ƙofa a tsakar kansa. Ga mutane sun yi layi daga bakin ruwa suna miƙa bokiti hannu da hannu ana kwara masa. Wasu sun jiƙa tawul sun lulluɓe bayansa. Na tambayi wani dattijo me ake ciki, ya ce jira ake yi. Ban tambaye shi jiran me ba, don a ganina na sani. Na ce a raina, ashe ɗan Adam duk ɗaya ne, su ma suna da sarkin ruwa. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Na koma a guje na juye shinkafarmu a kan murfi, na ɗauki kwanon samirar Balkisu. Ta ce, "Malam, ina za ka da kwanona?" Na ce mata ta dai fara tunanin inda za mu samo daddawa. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na faɗa aiki.

Ba yabon kai ba, babu wanda ya yi aikin da na yi a wurin nan. Su suna tsayawa a gefen ruwa, ni kuwa har gwiwa nake shiga, ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Na nuna musu yadda ake haƙa rami a ƙarƙashin fiffikensa don kada nauyinsa ya karya shi (a wajenmu don kada naman wurin ya dagargaje ake yi). Na ga wata igiya a cikin wani kwale-kwale da aka kife, na ɗauko na yi wa wutsiyar ɗaurin da kakana ya koya mini, wanda kifi ke ƙara tamke shi da kansa in ya motsa. Turawa suka yi ta jinjina mini, suna zaton ko za a buƙaci a ja shi da jirgi. Na hango Misis Dobson tana nuna ni ga wata ƙawarta tana cewa a gidanta nake zaune. Har da hawaye a idonta. Na ce a raina ɗaki ya zaunu.

Can ruwa ya fara dawowa, ya kawo idon sawu, ya kawo gwiwa. Kifi ya fara motsi. Maza suka taru suka juya shi, kansa ya fuskanci teku, wutsiya ta dubi tudu. Na yaba da dabarar, don ta wutsiya ake jan babban kamu. Amma na lura sun yi sake ƙwarai, ruwa na ƙaruwa, kifi na samun ƙarfi, shi kuma wanda ake jira bai iso ba. Sai na ja ɗaya bakin igiyar na hau tudu, na sami wani turken katako daga cikin waɗanda ake kafawa don tare yashi, na naɗa na ɗaure tamau. Ba wanda ya gan ni, kowa hankalinsa na kan ruwa.

Daga inda nake tsaye na ga sun dafa shi suna turawa. Na ɗauka ruwa ne ke rinjayarsu. Kifi ya kaɗa wutsiya ya yi gaba, jama'a suka ɗauki tafi, wasu suka rungume juna. Bai yi nisa ba igiya ta miƙe ta yi ƙara, ya tsaya cak yana bugun ruwa. Tafi ya mutu. Na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, suna bin igiyar da ido daga wutsiya, ta kan ruwa, ta kan yashi, har zuwa turke. Ga ni a jikin turken, na dafa shi da hannu ɗaya, samira a ɗaya hannun, ina murmushi.

Misis Dobson ce ta fi kusa da ni. Da ma a nan na yi shiru, da wataƙila an ce kuskure ne. Amma ina. Na gyara murya, na zaɓo Turancina mafi kyau, na ce mata kada ta damu, ba inda za shi. Na ƙara da cewa, da ƙarfi don iska:

"Ke ce babba a cikinmu, Mama. In an zo rabo ni da kaina zan tsaya a cire miki wajen ciki, nan ne mai yake."

Ta ja da baya. Ƙawarta ta dafe ƙirji. Wani ƙato da ke cikin ruwa ya faɗi wata kalma da ba a koya mana a makaranta ba, ya nufo ni. Ni kuwa har lokacin lissafi nake, ko dai a al'adarsu wajen wuya ake ba manya.

Ban san sa'ad da Balkisu ta iso ba. Ta ratsa ta gabana da cikinta, ba ta ko dube ni ba, ta sa wuƙar lemo ta shiga gurzar igiyar nan har ta tsinke. Ta miƙa wa ƙaton wuƙar ta nuna masa wutsiya, ya koma ya yanke sauran ɗaurin. Kifi ya yi gaba abinsa, muka ga bayansa ya ɓullo can nesa, daga nan ba a sake ganinsa ba. Wannan karon tafin bai yi ƙarfi ba. Sai a lokacin abin ya sauko mini gaba ɗaya, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har na daina jin sanyin ƙafata.

Ta karɓi kwanonta daga hannuna ta ce a hankali, "Malam, ka taɓa ganin inda mata ke kuka a wajen rabon nama?"

A bas kujerar baya na zauna, wandona na ɗiga, ba wanda ya waiwayo. Da aka zagayo da shayi a fulas sai ya ƙare daidai kujerar da ke gabana. Tafiyar nan ta yi mini tsawo, kuma ba maganar Turawa ce ta fi damuna ba. Tunanin da nake yi shi ne na jawo wa yarinyar mutane kwanan titi da hannuna, a kan naman da ko ɗanɗana shi ban yi ba.

Kwanaki suka wuce tsohuwa ba ta amsa gaisuwata. Sharar ma ta koma fitarwa da kanta. Na fara bin tagogi a ɓoye in an tashi daga makaranta, ana ba ni amsar da na saba ji. Ran nan da safe ta tare mu a gindin matakala ta ce tana da magana. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Ta ce ta san abin da ke cikin kwat tun kafin mu sani, kuma da niyyarta ta ce mu nemi wani wuri kafin haihuwa. Amma ta sake shawara. Akwai gadon jariri na 'yar ƙanwarta a ɗakin ajiya, in na ga dama in hau in sauko da shi.

Na fara zuba godiya, ta ɗaga mini hannu.

"Ba don kai ba ne," in ji ta. "Matar da ke zaune da kai tana da isasshen aiki. Ba zan ƙara mata da neman gida ba."

Balkisu ta ce in fassara mata. Na ce tsohuwa ta ce mu zauna. Ta ce ta ji wannan, sauran take nufi. Dole na fassara, tsohuwa na tsaye tana kallon bakina kada in rage.

A ɗakin nan aka haifi babbar 'yarmu, kuma a bayan Misis Dobson ta yi rabin kukanta, don Balkisu ta koya mata goyo. Ni dai har muka bar Ingila ba a sake gayyata ta bakin teku ba, ban kuma yi ƙorafi ba. Tun daga ranar, in na tarar da jama'a sun taru a kan wani aiki, komai sanin da nake ganin na yi masa, nakan tsaya in tambayi ina aka nufa kafin in tuɓe takalmi.