Ni da Baffa da Busasshen Tanki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na goya surukina a babur ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Har yanzu idan abin ya faɗo mini a rai, ko da tsakiyar cin tuwo nake, sai in ajiye lomar.

A Gumel nake zaune, amma a wata firamare da ke Sule Tankarkar nake koyarwa, kullum a kan babur nake zuwa in dawo. Tun da aka cire tallafin mai na zama gwanin dabaru na dole. Na koyi kashe inji da zarar na hango gangara (ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, gangarar ma sai an neme ta da addu'a). Na koyi jijjiga babur da safe in kara kunne a jikin tanki, in ji ko akwai abin da ke motsi a ciki. Gidan mai kuwa na daina shiga, don kunyar abin da zan ce a zuba mini. Na koma wajen 'yan bumburutu, masu sayar da mai a kwalabe a bakin titi. Akwai wani a mararrabar da ke kusa da shiga Sule Tankarkar, wanda saboda yawan cinikinmu ya raɗa mini suna Malam Rabin Kwalba, kuma tun daga nesa yake kwaɗa mini shi yana washe baki.

A ranar da nake ba ku labari, ƙarshen wata ne, albashi bai shigo ba. Tun jiya da yamma babur ɗina yake kan rizab, wato ɗan guntun man nan da babur ke ɓoyewa a ƙasan tanki don ranar wuya. Amma hankalina kwance yake. Na san zai kai ni mararraba, in sayi rabin kwalbata, in ƙarasa makaranta cikin mutuncina.

Na ɗan yi nisa da Gumel kenan sai na hango wani dogon dattijo tsaye a bakin kwalta, da sanda da malafa. Tun kafin in ga fuskarsa gabana ya faɗi, don tsayuwar na sani. Baffa ne, mahaifin matata.

Bari in gaya muku wane ne Baffa. Bafulatani ne mai noma da kiwo, siriri, maganarsa ba ta da yawa, kunyarsa kuwa ta isa a raba wa gari guda. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, balle nawa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. A rugarsu kallon babban ma'aikacin gwamnati mai abin hawa ake yi mini, ni kuma (in faɗi gaskiya) ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu wannan fahimta ba.

Na tsaya can nesa, na kafe babur, na tuɓe takalmi, na zo na durƙusa.

"An tashi lafiya, Baffa? Ya mutanen gida? Ya dabbobi?"

"Lafiya lau, Malam," in ji shi, yana kallon gefe. "Sai dai rashi da aka yi mana. Malam Haro ne Allah ya karɓi abinsa da asuba."

Na san Malam Haro. Amininsa ne tun suna yara suna bin shanu tare, shi ne ma ya karɓi sadakina ranar ɗaurin aurenmu. A wani ƙauye yake, can gaba da Sule Tankarkar, idan an sauka daga kwalta an bi hanyar yashi. Na yi masa gaisuwa, ya amsa, sannan ya ƙara da wata magana guda, wadda a wajen Baffa doguwar magana ce.

"Da hantsi za a kai shi. Ina so in samu sallarsa."

Ya ce tun ɗazu yake tsaye, babu mota, don tsadar mai ta sa direbobi ba sa tashi sai sun cika maƙil. A nan ne bakina ya riga hankalina. Na ji kaina ina cewa, "Ai ba komai, Baffa, a hau in kai." A raina na ɗauka tayi ne irin wanda aka saba, zai ce a'a, in nace kaɗan, ya sake cewa a'a, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Amma mutumin da amininsa ke kwance ana jiran a sallace shi ba ya da lokacin wannan ja-in-ja. Sai kawai ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Ga inda na fi jin haushin kaina. Baffa bai gama gyara zama ba sai ga wata tsohuwar motar haya ta tsaya a gabanmu, cike da 'yan kasuwa. Direban ya leƙo ya ce akwai wurin mutum ɗaya, kuma ta bakin ƙauyen su Malam Haro za su wuce. Allah ya kawo mini mafita har inda nake. Abin da ya rage kawai in ce, "Baffa, a shiga mota, ta fi sauri." Ni kuwa na ɗaga wa direban hannu irin na masu hali, na ce, "Ku je abinku, ni zan kai shi har ƙofar gida."

Muka kama hanya. Baffa ya zauna can ƙarshen kujera, ya riƙe ƙarfen baya, ya bar fili tsakaninmu wanda ɗan akuya zai iya kwanciya. Ni dai ina ta shawara da zuciyata, ina cewa da mun isa mararraba zan tsaya in sha mai.

Da muka doshi mararrabar sai wani tunani ya zo mini. Abin da ke aljihuna na rabin kwalba ne. Idan na tsaya na ce a zuba rabin kwalba a gaban Baffa, zai gane halin da nake ciki, kuma na san shi, hannu zai sa a aljihu ya ce a cika. Surukina ya saya mini mai a bakin titi, a gaban jama'a? Ina cikin wannan sai mai man ya hango ni, ya miƙe da mazurari a hannu, ya buɗe baki: "Malam Rabin..." Na danna oda da iyakar ƙarfina har ta haɗiye sauran sunan, na murɗa totur na wuce shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Na ce wa kaina ai ƙauyen ba nisa, babur ɗin nan bai taɓa ba ni kunya ba.

Muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Wanda ya san babur ya san yashi shan mai yake yi, balle da mutum biyu. Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsayi dama da hagu, ba ka hango kowa. Muna tsakiyar gonakin nan babur ya yi tari, ya sake yi, ya yi wata 'yar shessheƙa, ya mutu. Hannuna ya tafi da kansa zai juya makunnin mai zuwa rizab, ya tarar tun jiya yana can.

Baffa ya sauka a hankali. Ni kuwa, maimakon in faɗi gaskiya ko a nan, sai na gyara murya na ce, "Fulogi ne, Baffa. Yanzu zan gyara."

Na kwance fulogin da ba shi da laifin komai, na goge shi da bakin rigata, na hura shi, na ɗaga shi sama ina dubawa irin na masana, na mayar. Na taka kik har gumi ya jiƙa mini baya. Baffa ya koma gefe ya juya mini baya, don kada ya ga wahalar surukinsa. Can na ji ya ce, "Geron bana ya yi kyau." Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baffa." Amma na lura ba geron yake kallo ba. Rana yake dubawa, yana ganin yadda take ɗagawa.

Da na ga ba sarki sai Allah, na koma ga dabarar 'yan acaɓa. Na kwantar da babur a gefensa don ɗigon da ya rage ya gangaro, na tashe shi, na buɗe murfin tanki, na kafa bakina a kai na hura da duk iskar da ke cikina. Wannan fa shi ne mutumin da ya ce fulogi ne. Babur ya tashi, muka hau, muka yi tafiyar da ba ta wuce tsawon gona guda ba, ya sake mutuwa. Na sake durƙusawa na kafa baki. Ina cikin hurawa hulata ta faɗi cikin yashi. Da na ɗago, idanuna sun yi ja, bakina yana ɗacin fetur, sai na ga Baffa ya ɗauki hular ya kaɗe ta, yana riƙe da ita da hannu biyu yana jira in gama.

Ban taɓa jin ina so ƙasa ta tsage in shige ba kamar a wannan lokacin.

"Malam," in ji shi, "bari mu taka."

Ya yi gaba da sandarsa, yana ɗingisa ƙafar da ta daɗe tana damunsa, ni kuma ina biye ina tura babur. Muka zo wani wuri mai zurfin yashi, taya ta nutse, na tura na tura ta ƙi. Sai kawai na ji babur ya yi sauƙi. Na waiga, ashe Baffa ne ya dawo, ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya sa hannu a ƙarfen baya yana turawa.

"Baffa, don Allah a bar ni, a je. Za a makara."

"Tare muka fito," ya ce.

Haka muka shiga ƙauyen, ni a gaba, surukina a baya yana tura mini babur. Tun daga bakin gari muka gamu da jama'a suna tahowa daga wajen maƙabarta, wasu da fartanya a kafaɗa, wasu mutum biyu ɗauke da makara babu kowa a ciki. Na ji hannun Baffa ya saki babur ɗin.

Wani dattijo, ƙanin mamacin, ya fito daga cikin mutane ya kama hannunsa. "Mun jira ka, mun jira ka, har rana ta fara zafi. Liman ya ce kada a ƙara ajiye shi. Me ya tsare ka?"

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Sai Baffa ya ce, "Ni ne ban fito da wuri ba. Ba don Malam ya taimake ni ba, da har yanzu ina bakin titi."

Nan fa dattawa suka juyo kaina. Wannan ya ce Allah ya yi albarka, wancan ya ce an dace da suruki, wani har da dafa mini kai. Ina durƙushe ina amsa amin, da baƙin zobe kewaye da bakina wanda murfin tanki ya bar mini (ban ma san da shi ba sai da wata tsohuwa ta aiko mini da ruwa a buta ta ce in wanke fuska). Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi.

Baffa bai zauna ba. Ya tambayi inda aka sa Malam Haro, ya nufi maƙabartar shi kaɗai. Ina hango shi daga nesa, tsaye a kan sabon kabari, malafarsa a hannu. Ya daɗe a wurin.

Har yau bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Matata ma godiya ta yi mini da labari ya iso mata daga ruga cewa na kai Baffa gaisuwa, har da dama mini fura ta musamman. Na sha, amma ban ji daɗinta ba, daga ƙarshe na zaunar da ita na gaya mata komai. Da na gama sai ta ce, "Da ka tsaya an zuba maka rabin kwalbar, wa zai tuna da ita yau?" Gaskiyarta ce. Da na tsaya, da waccan kunyar ta wuce tun kafin azahar, sallar Malam Haro kuwa sau ɗaya ake yin ta.

Abin da na koya dai shi ne, mai busasshen tanki ya faɗa tun a bakin kwalta, tun akwai mota. Yanzu duk wanda ya tsayar da ni a hanya, da wannan nake fara masa. Kwanan baya na sake tarar da Baffa a daidai wurin nan yana jiran mota. Na kafe babur, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"An tashi lafiya, Baffa? Ba ni da mai."

Ya kalli gefe kamar yadda ya saba, na ga gemunsa ya ɗan motsa.

"Madalla, Malam," ya ce.

Na koma gefe na tsuguna, muka jira motar tare.